Riga Da Madubi: Tufafin Da Masu Zanen Turai Suka Zana Kansu Da Su

Duk wanda ya taɓa zaman ci-rani a Ikko ko Badun ko Anacha ya san abin da ke faruwa idan Salla ta ƙarato. Mutum zai yanki yadi ya kai wa tela a Agege ko Sabo, ya yi ta sintiri har ɗinki ya fito. Ranar Idi ya sa riga, ya kafa hula, a ɗauke shi hoto, a aika gida. A da sai an je wurin mai hoto, yanzu kuwa wayar hannu ta ɗauke wannan wahala. Amma saƙon bai sake ba, watau a gaya wa iyaye da dangi cewa ana nan lafiya, nema kuma bai faɗi ƙasa banza ba.

To, wannan ɗabi'a ta girmi na'urar ɗaukar hoto, wadda ba ta bayyana ba sai a 1839. Shekaru ɗaruruwa kafin nan, masu zane na ƙasashen Turai sukan zauna gaban madubi da fenti da buroshi su zana kamannin kansu. Idan attajiri ya ba da aikin zane, shi ke faɗin rigar da za a sa masa. Idan kuwa mai zane ya zana kansa, zaɓi nasa ne shi kaɗai. Saboda haka ne masu nazarin tarihin sutura suke duban waɗannan hotuna da idon basira. Wani abin lura kuma shi ne, yawancin mashahuran nan baƙi ne a biranen da suka yi suna, ko kuwa 'ya'yan baƙi.

Asalin ɗinkin da ke bin jiki

Babbar riga takan sauko ne daga kafaɗa ta yalwata, darajarta tana ga yawan yadi da kyan aiki. Ɗinkin mazan Turai ya bi wata hanya dabam. Tun wajen ƙarni na 14 telolinsu suka fara yanka ƙyalle gunduwa-gunduwa bisa awon jikin mutum, su yanka hannu dabam su haɗa shi da kafaɗa, sa'an nan su jera maɓallai a gaba don rigar ta kama ƙirji da ƙugu. Irin wannan ɗinki ba ya ɓoye kuskure, in tela ya kuskure awo kowa zai gani. Shi ya sa sana'ar ta yi daraja. Ƙungiyar telolin Landan ta sami takardar izni daga sarki tun a 1327. A 1580 kuma wani tela mai suna Juan de Alcega ya buga littafi a Madrid yana koyar da yadda za a shimfiɗa awo a kan yadi ba tare da ɓarna ba.

A wancan zamani tufa tana da doka. Hukumomin birane da yawa sukan ƙayyade wanda ya isa ya sa siliki ko karan-miski ko sarƙar zinariya ko fata mai gashi, gwargwadon matsayinsa. Mai zane kuwa ana lissafa shi ne cikin masu aikin hannu, sahu ɗaya da maƙeri da masassaƙi. Don haka idan ya zana kansa cikin tufafin manya, magana ce yake yi da mutanen gari.

Ɗan maƙerin zinariya da safar hannu

Wanda ya fara shahara da wannan abu shi ne Albrecht Durer na birnin Nuremberg a ƙasar Jamus, wanda aka haifa a 1471. Ubansa maƙerin zinariya ne da ya yiwo ƙaura daga ƙasar Hangari. Tun yana ɗan shekara 13 Durer ya zana fuskarsa a takarda yana duban madubi, kuma zanen yana nan har yau a birnin Biyana.

A 1498, yana da shekara 26, ya yi hoton da yanzu ke ajiye a gidan zane na Prado a Madrid. Mai karatu da zai gan shi, sai ya ce ɗan sarki ne. Ya sa farar taguwa mai ƙananan tattara, an bi wuyanta da zaren zinariya. A bisanta akwai riga fara mai ratsin baƙi, da hula mai irin wannan ratsi, da mayafi a kafaɗa ɗaya wanda aka riƙe da igiya tufkakkiya. Abin da ya fi jan hankali shi ne safar hannu ta lallausar fata. Mai cin abinci da hannunsa ya rufe hannun, don a san ba ya kallon kansa a matsayin lebura.

Bayan shekara 2, watau a 1500, ya sake zana kansa cikin riga ruwan ƙasa mai wuyan fata mai gashi, ya fuskanci mai kallo kai tsaye, irin zaman da Turawa suka saba keɓe wa hotunan addini. Yatsunsa suna shafa gashin wuyan rigar, kamar mai cewa a duba nan. Wannan hoto yana birnin Munich.

A 1505 Durer ya tafi Venis ta ƙasar Italiya, da kuɗin da ya ranta wurin abokinsa Willibald Pirckheimer. Wasiƙun da ya riƙa aiko masa suna nan. A ciki yakan yi raha ya ce alkyabbarsa ta Faransa da rigarsa ta Italiya suna gaisuwa. Da lokacin komawa ya yi kusa a 1506, sai ya koka cewa a Venis ana ɗaukarsa babban mutum, a gida kuwa ɗan cin arziki. Duk wanda ya taɓa samun girma a baƙon wuri, ya koma garinsu aka kira shi da sunan yarinta, ya san wannan ciwo. Shi dai Durer ya dace, gama a 1509 ya sayi babban gida a Nuremberg, daga 1515 kuma Sarki Maximilian ya yanka masa albashin gulda 100 kowace shekara. A ƙarshe matsayinsa ya cim ma rigarsa.

Darajar baƙin tufa

Da aka shiga ƙarni na 17, sai manyan Turai suka koma ga baƙar sutura. Kada mai karatu ya zaci talauci ne ko makoki. Duk wanda ya san marina ya san wahalar fitar da launi mai duhu wanda ba ya koɗewa, sai an tsoma an sake tsomawa. Baƙi na ƙwarai yana da tsada, mai kuɗi ne ke iya sa shi.

Peter Paul Rubens na birnin Antwerp, a ƙasar da yanzu ake kira Beljiyam, ya zana kansa a 1623 don a aika wa Yarima Charles na Ingila. Ya sa baƙar malafa mai faɗi da baƙar alkyabba, sarƙar zinariya tana ɗan leƙowa a wuya. Babu buroshi, babu alamar fenti ko ɗigo. Rubens bai tsaya ga zane kaɗai ba, ya yi aikin jakadanci tsakanin Sifen da Ingila, har Sarki Charles na 1 ya ba shi sarautar girmamawa a 1630. A hotonsa na ƙarshe, wanda ya yi gab da rasuwarsa a 1640, hannu ɗaya yana cikin safa, ɗayan yana bisa ƙotar takobi.

A Sifen kuwa akwai Diego Velazquez, mutumin Sevil, wanda ya zo Madrid a 1623 ya zama mai zanen fada. A shekarar nan ce Sarki Philip na 4 ya hana sa manyan kwaloli masu tattara da ke cin yadi da sitaci, aka koma ga ƙaramar kwala mai tauri. A 1656 Velazquez ya yi babban zanen nan da ake kira Las Meninas, na 'yar sarki da kuyanginta, ya sa kansa a gefe yana riƙe da buroshi, cikin baƙaƙen tufafin fada, da mabuɗi a ƙugu don shi ne mai kula da ɗakunan sarki.

A ƙirjin rigarsa akwai jar alama ta ƙungiyar barade ta Santiago. Labarin wannan alama abin ji ne. Sa'ad da ya gama zanen ba shi da ita. Dokar ƙungiyar ba ta karɓar wanda ba ɗan asali ba, ko wanda ke sayar da aikin hannunsa. Sai da aka saurari shaidu 148, waɗansu suka ba da shaidar cewa ba don kuɗi yake zane ba, aka kuma nemo sassauci daga Paparoma, kana aka ba shi a 1659. Daga baya ne aka ƙara alamar a kan zanen. Bai ci moriyarta da daɗewa ba, ya rasu a 1660. Watau dai sai da aka yi musun sana'ar da ta ɗaukaka shi kafin ya sami ɗan jan ƙyallen.

Rembrandt: rigar zane da bashin gaske

Ba wanda ya kai Rembrandt na ƙasar Holan yawan zana kansa a wancan zamani. Ya bar hotunan kansa na fenti wajen 40, ban da na bugu da na alƙalami. An haife shi a Leiden a 1606, ubansa mai injin niƙa ne. Wajen 1631 ya koma Amsterdam neman arziki, kuma ya samu. A hoton da ya yi a 1632 ya fito kamar kowane attajirin birnin, da baƙar malafa da baƙar alkyabba da farar kwala, don masu kuɗi su ga nasu ne su kawo aiki.

Aiki kuwa ya zo. A 1634 ya auri Saskia, 'yar gidan manya. A 1639 ya sayi ƙaton gida a kan gilda 13,000, ya biya wani kashi, saura bashi. Ya zama ba ya wuce gwanjo, yana sayen zane-zanen magabata da makamai da kwalkwali da abubuwan mamaki na ƙasashen nesa, har da fatun zaki. A 1640 ya zana kansa ya jingina hannu a kan dakali, cikin tufafi masu karan-miski da fata mai gashi. Sai dai tufafin nan ba na zamaninsa ba ne, irin na shekara 100 da suka wuce ne, zamanin su Durer. Wata mai bincike 'yar Holan, Marieke de Winkel, ta nuna cewa yawancin irin waɗannan tufafi daga tsofaffin zane-zane ya kwaikwayo su. Watau riga ce da tela bai taɓa ɗinkawa ba, ya sa ta ne don a jera shi da manyan masu zane na da. Hoton yana Landan.

Duniya rawar 'yan mata ce, na gaba ya koma baya. Saskia ta rasu a 1642, ciniki ya ja baya, bashin gida yana nan yana haihuwa. A hoton 1652 sai ga shi cikin rigar aiki ruwan ƙasa, ya ci ɗamara, hannuwa a ƙugu. A 1656 ya kai kansa gaban hukuma ya miƙa dukiyarsa don a biya masu binsa. Aka rubuta kayan gidansa ɗaya bayan ɗaya, abu 363, aka yi gwanjonsu, gidan ma aka sayar a 1658. Abin mamaki, a shekarar nan ce ya zana kansa zaune kamar sarki, cikin riga mai ruwan zinariya da jar ɗamara da sanda a hannu. Fenti dai ba a hana shi ba.

A 1660 ɗansa Titus da Hendrickje, matar da ke zaune da shi, suka kafa kamfani suka ɗauke shi ma'aikaci, don kada masu bin bashi su riƙa ƙwace abin da ya samu. Daga nan waɗansu hotunansa da farar hular aiki ne da buroshi a hannu, ba ɓoye-ɓoye. Masana da yawa suna ganin su ne mafi kyau cikin duk abin da ya zana. Ya rasu a 1669, aka binne shi a kabarin haya wanda ba a rubuta suna a kai ba.

Yadda kwat ta samu

Kwat da wando da falmaran da ake gani yau a ofisoshi da kotuna suna da mafari. A watan Oktoba na 1666, wata guda bayan babbar gobarar Landan, Sarki Charles na 2 ya ba da sanarwar sabuwar suturar fada, watau doguwar falmaran a ciki, kwat a bisa, da wando iya gwiwa. Daga nan aka yi ta rage tsawo ana gyara yanka.

Wanda ya kawar da ado daga suturar maza shi ne George Brummell, abokin yariman Ingila, a farkon ƙarni na 19. Koyarwarsa ita ce kwat mai duhu marar kwalliya, da farin ƙyallen wuya mai sitaci, da tsabta. Daraja ta tashi daga kan zinariya ta koma kan almakashin tela. Amma shi ma caca da bashi suka kore shi zuwa Faransa a 1816, ya yi zaman kurkuku saboda bashi, ya mutu a matsiyaci a 1840. A 1851 Isaac Singer ya sami rajistar keken ɗinkinsa, daga nan tufafin kanti suka yawaita, har akawu ya iya shiga irin ta mai gidansa.

Masu zane suka bi zamani. Eugene Delacroix na Faransa ya zana kansa wajen 1837 cikin baƙar kwat da koriyar falmaran. Edouard Manet kuma, wajen 1879, ya fito riƙe da buroshi amma da hular fita gari da kwat, kamar mai shirin zuwa ziyara.

A nan akwai abin da teloli za su so ji. Madubi yakan mai da dama hagu. Kwat ɗin maza ɓangaren hagu ne ke hawa kan na dama, to in mai zane ya bi abin da madubi ya nuna masa bai gyara ba, sai rigar ta fito a juye. Hannu ma haka. Manet da dama yake aiki, amma a hoton buroshi yana hagu.

Hoton da aka aika wa uwa

Vincent van Gogh ɗan Holan ne, ya zo Faris a 1886 ba shi da abin kansa, ƙanensa Theo ne ke ɗaukar nauyinsa. Da yake ba shi da kuɗin biyan wanda zai zauna a zana shi, sai ya riƙa zana kansa, har hotunan suka haura 35. A waɗansu ya sa kwat da hular 'yan birni, a waɗansu malafar kaba da shuɗiyar rigar ma'aikata. Mutum ɗaya ne yana gwada wa kansa matsayi biyu. A hoton Janairu 1889 ya sa koriyar kwat ta sanyi da hula mai gashi, an naɗe kunnen da ya yanke sa'ad da ciwon taɓin hankali ya taso masa. Kunnen hagu ne, amma a hoton ya fito a dama, aikin madubi ke nan.

A watan Satumba na shekarar, yana kwance a asibitin Saint-Remy, ya zana kansa cikin kwat da falmaran masu ruwan sararin sama, shigar mutumin da ke so a ga ya warke. Ya kuma yi wani, ya aske gemu, ya aika wa mahaifiyarsa. A wasiƙar da ya rubuta mata ya ce duk da shekarun da ya yi a manyan birane irin su Faris da Landan, har yanzu kamanninsa na manomin ƙauyensu ne. Ya rasu a 1890 yana da shekara 37. A 1998 aka sayar da hoton nan na uwa a New York a kan dala miliyan 71.5.

Baƙar kwat da gudun hijira

Na ƙarshe shi ne Max Beckmann, Bajamushe. A 1927, sa'ad da tauraronsa ke haskawa, ya zana kansa cikin baƙar kwat ta zuwa liyafar dare, da farar taguwa, hannu ɗaya a ƙugu, ɗaya riƙe da taba. Ra'ayinsa shi ne mai zane ya cancanci zama sahu ɗaya da masu mulki da masu masana'antu. Gidan zane na ƙasa a Berlin ya sayi hoton a 1928.

Da Hitler ya hau mulki a 1933, aka kori Beckmann daga aikin koyarwa a Frankfurt. A 1937 gwamnati ta kwashe ayyukansa fiye da 500 daga gidajen zane, ta ce lalatattu ne. Hoton baƙar kwat ma an fitar da shi an sayar, yau yana jami'ar Harvard a Amurka. Shi kuwa ya tsere zuwa Amsterdam a 1937, ya yi shekara 10, ya wuce Amurka a 1947, bai sake taka ƙasarsu ba. A 1950 ya zana kansa cikin shuɗiyar kwat, ya rame, idonsa yana duban gefe. A watan Disamba na shekarar ya fita a ƙasa a New York don ya ga hoton inda aka kafa shi, zuciyarsa ta tsaya a kan hanya.

Abin dubawa

Mai karatu zai lura cewa ba wanda za a zarga cikin mutanen nan don ya so a gan shi da kyan shiga. Baƙo ba a san gidan ubansa ba, rigarsa ake fara gani, kuma sau da yawa ita ke buɗe masa ƙofa, kamar yadda ta buɗe wa Durer da Rubens. Amma rigar da ke cikin hoto ba ta biyan kuɗin haya, kuma masu bin Rembrandt bashi ba su dubi karan-miskin 1640 ba sa'ad da suka zo rubuta kayan ɗakinsa. Hausawa sun ce zanen aro ba ya rufe katara.

Saboda haka wanda zai yanki yadin Salla a nan Kurmi, ya yanka daidai ƙarfinsa, ya biya tela hakkinsa, ya kuma tuna da abin da zai haɗa da hoton ya aika gida. Iyaye in sun karɓi hoto sukan yaba riga, amma fuska suke tsura wa ido, domin labarin zuciya a tambayi fuska. Allah ya rufa asiri, ya sa a koma gida lafiya.